Garma Mai Jan Ƙyalle

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da taimakon kowa ba, ya saukar da ruwa a gonar mai godiya da ta mai butulci, ya ba kowane bawa hannu biyu, sa'an nan ya bar hannuwan su bambanta a abin da suke tarawa. Bayan haka, ni ne Cindo ɗan Maiwake, mutumin Tudun Tsakuwa. Na taka ƙasa uku da ƙafata, na baro kunne ɗaya a ta biyu, na baro mutuncina a ta uku. Mai saurare ya gyara zama. Wanda zuciyarsa ba ta son jini kuwa ya tashi tun yanzu, don ba zan wanke labarin nan saboda kowa ba.

Garinmu, sunansa ya gama bayaninsa. Dami talatin kakana ke samu a gonarmu, dami talatin ubana ya samu, dami talatin muke samu ni da wana Anaruwa. Ba mu mutu da yunwa ba, ba mu kuma taɓa ƙoshi har mu yi gyatsa ba, kuma a zatonmu haka duniya take ko'ina. Sai wata shekara fatake suka sauka da jakuna niƙi-niƙi da hatsi. Suka ce daga Fadama Bakwai suke, can yamma da nisa, inda mutum ɗaya ke noma abin da goma ke nomawa a wurinmu. Suka ƙara da abin da ya fi tayar mana da hankali, wai a can amfanin baɗi kullum sai ya fi na bana.

Maganar ta kai kunnen mai mulkinmu, Mai Tudu Baushe. Mutum ne da bai taɓa riƙe ƙotar fartanya ba, amma ya fi kowa sanin abin da ke hana gero yawa, wato lalacin talakawa. Ya kira sarkin noma ya ce kaka mai zuwa yana son ninki. Kaka ta zo babu ninki, hauni ya sare kan sarkin noma a masussuka, jama'a na kallo. Aka naɗa wani, shi ma haka. Aka naɗa na uku, shi ma haka. Rawani na huɗu ya faɗa kan Anaruwa, kuma ranar naɗin matarsa ta yi kuka kamar an shigo mata da gawa.

Anaruwa ne ya riƙe ni bayan rasuwar ubanmu. Shi ya koya mini huɗa, shi ya yi mini aure, shi ke shan duka a madadina tun muna ƙanana. Da kaka ta zo aka ja shi zuwa masussuka, sai na ratsa dogarai na zube gaban Baushe.

"Ranka ya daɗe," na ce, "kai uku sun tafi, gero bai ƙaru da zangarniya ɗaya ba. A ɗaga wa wana ƙafa, ni in je Fadama Bakwai in ɗauko asirinsu."

"In ka gudu fa?"

"Ga rabin jikina a hannunka."

Ya daɗe yana susar gemu. "Ruwan shuka biyu na ba ka. Ran da na biyu ya sauka, in ba ka nan da abin da zai ninka mini hatsi, zan shuka kansa a gonarku, mu ga ko shi zai tsiro."

Aka jefa Anaruwa cikin wani rumbu da babu komai a ciki, aka sa masa mari a ƙafa. Na hau na leƙa ta baki don mu yi sallama. Ya ɗago kai ya ce, "Cindo, in ka ga abin ya gagara, kada ka dawo. Kai ɗaya ya ishe shi." Na ce masa ya daina zancen banza, na sauko ina share ido, na ɗauki baka da kwari na kama hanyar yamma.

Na yi kwana sittin ina tafiya. Na ratsa dajin ƙaya mai tafiya, wanda in ka tsaya hutawa sai ka ga ya matso ya kewaye ka. Na haye wani kogi a bayan kunkuru mai faɗin zaure. Ina sauka daga bayansa na hango gonaki iya ganin ido, kore shar, mutane jere a cikinsu kamar tururuwa. Na ce alhamdu lillahi, na iso. Ashe Ƙasar Tsumagiya na shiga, kuma ban gama hamdala ba igiya ta faɗo a wuyana.

Masu tsaron gonakin nan ba dawaki suke hawa ba. Kuraye suke hawa, kowace ta kai bijimi, da sirdi da linzami. Kogi na ba su ruwa rani da damina, saboda haka noma ba ya yankewa. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta mutum na duƙe, ganga na tashi a baya, tsumagiya na sauka a gadon baya. Wanda ya faɗi, makaɗi ya juya kiɗa zuwa wani take na dabam, kuraye su ji su rugo. A ranar farko na ga an yi haka da wata mata. Kafin in ɗauke kai, babu abin da ya rage sai fartanyarta.

An haɗa ƙafata a sarƙa ɗaya da wani dattijo mai suna Korau, wanda bayansa ya zama kamar tsohuwar tabarma don tabo. Da na sami sarari na raɗa masa, "Baba, da wannan wahala, ai rumbunanku sun fashe da hatsi."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ɗana, nawa kuke samu a garinku, kai ɗaya?"

"Dami goma sha biyar."

"To nan goma. Dubi fartanyarka."

Na duba. Bakinta ya dakushe kamar bayan cokali, ƙotar kuma guntuwa.

"Mu muke dakusar da su a kan dutse," in ji shi. "In ka gama kunyarka da wuri, wata za a ƙara maka, hatsin kuma ba naka ba. Shekara tara da suka wuce na miƙe tsaye na gaya wa mai tsaro, in aka ƙara wa ƙota tsawo za a ninka aiki. Bulala arba'in na sha saboda na miƙe. Tun ranar in wata dabara ta zo mini, sai in tofar da ita."

Wata bakwai na yi a duƙe. Ruwan shuka na farko ya same ni a nan, yana zuba a bayana, ina tuna mutumin da ke cikin rumbu, ina cizon leɓe har jini. Rannan makaɗin kansa rana ta buge shi ya faɗi, babu mai kaɗa wa kuraye takensu, sai da bulala aka kira su. Aka yi cigiyar wanda ya iya ganga, na ɗaga hannu. Aka kwance ni daga sarƙa aka rataya mini ita.

Na ce wa Korau ya bi da magana layi-layi: kwana uku kada kowa ya faɗi. Wanda jiri ya ɗauka, na kusa da shi su tallafe shi da kafaɗa. Haka aka yi. Kwana uku kuraye ba su ɗanɗana komai ba, har suka fara tauna linzami. A rana ta huɗu da tsakar rana, masu tsaro duk suna kan sirdi, na juya ganga na saki taken ci da iyakar ƙarfina. Kuraye suka zabura. Suka duba gabas babu wanda ya faɗi, suka duba yamma babu. Naman da ya fi kusa da bakinsu shi ne cinyoyin da ke rataye a haƙarƙarinsu. Ba zan kwatanta muku ƙarar ba. Mutane suka fasa sarƙoƙi da fartanyun nan dakusassu, suka ƙarasa waɗanda kuraye suka rage, ni da Korau kuma muka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Bayan kwana talatin muka iso Birnin Ƙulle. Ganuwarsa ta baƙin ƙarfe ce zalla, tsayinta ya fi rimi, babu alamar inda aka haɗa. Na ce wa Korau lalle masu wannan gini su ne masu asiri. Amma da muka shiga sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Ƙofar gari ta karkace an tokare ta da itace, don jikokin waɗanda suka ƙera ta ba su san yadda ake gyara ta ba. Rijiyoyi sun rufta, mutane na shan ruwan kududdufi. Manoma na kartar ƙasa da fartanyar itace, a garin da takubbansa ke yanka dutse.

Gida goma sha biyu ke riƙe da birnin, kowane da sana'arsa da asirinsa. Mai gida kaɗai ke sanin asirin duka, sai yana gargarar mutuwa yake raɗa wa magajinsa. Ma'aikatan da ke taya shi, yanke musu harshe ake yi. In mutuwa ta yi wa mai gida sauri, shi ke nan, sana'ar ta bi shi kabari. Haka ta faru da gidan masu haƙar rijiya. Maƙera kuma ba sa sayar wa manomi ƙarfe, wai kada ya ƙura masa ido ya gane yadda aka yi.

Ba mu san dokarsu ba. Muna wucewa ta ƙofar wata maƙera, Korau ya ji ƙarar zugazugi ya leƙa, leƙe ɗaya. Ƙarti huɗu marasa harshe suka fito suka danne shi a tsakiyar titi, suka ciro awartaki daga wuta ja wur, suka cusa masa a idanu. Dattijon da ya tsira daga kuraye ya mutu a hannuna kafin la'asar, yana tambayata me ya yi. Har yau in na ji ƙaurin gashi a wuta sai in tashi in bar wurin.

Ni kuma aka ja ni gaban iyayen gidajen nan goma sha biyu, aka ce ai tare muke, mai yiwuwa ni ma na gani. Awartaki na cikin wuta ana jira ya yi ja. Na ɗaga murya na ce, "Ku yi a hankali, ni ma mai asiri ne."

Babbansu, wani tsoho mai ido ɗaya, ya ce, "Wane asiri?"

"In na faɗa a nan, ai ya tashi daga asiri."

Suka gyaɗa kai gaba ɗaya. A ganinsu wannan ce magana ta hankali ta farko da baƙo ya taɓa yi a birnin.

"Amma zan gaya muku aikinsa," na ce. "Duk gidan da ya mallake ni, zan koya masa yadda zai san asirin sauran goma sha ɗayan ba tare da ya shiga gidajensu ba."

Kowa ya dubi na kusa da shi. Ban ga wanda ya fara zare takobi ba, na dai ga kan tsohon nan mai ido ɗaya yana gangarawa ƙarƙashin kujera. Rabinsu na son su kama ni da rai, rabinsu na son su kashe ni kafin wani ya kama ni, duk kuma sai sun bi ta kan juna. Faɗa ya fita titi, gida ya auka wa gida, aka cinna wa rumfuna wuta. Wani ya kawo mini sara, na goce, ya tafi da kunnena na hagu. Na faɗa magudanar da ke fitar da ruwan maƙera, na yi ta jan ciki cikin baƙin ruwa mai ɗumi har na ɓullo bayan ganuwa.

Na fita da darasi ɗaya, kuma shi ya hallaka ni: duk mai abin kirki ɓoye shi yake yi, in kuma ka tambaye shi, ƙarya zai yi maka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Bayan watanni ina neman hanya a daji, na isa Fadama Bakwai rani ya yi nisa, saura kwana hamsin ko ƙasa da haka ruwan shuka na biyu ya sauka. Garuruwa bakwai ne, hanyoyi masu faɗi da jiragen ruwa sun haɗa su. Wannan gari shinkafa kaɗai ya sa gaba don ƙasarsa ta ruwa ce, wancan auduga, wancan ƙira, wancan kiwon shanun huɗa, kowa na kai wa ɗan'uwansa abin da ya fi iyawa ya karɓo abin da ba ya yi. Gona ta mai nomanta ce. Ban ga bulala ba, ban ga ganuwa ba. Da tsakar rana ma kwance na same su a inuwa, abin har ya ba ni haushi. Rumbunansu kuwa sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi.

Aka kai ni wurin magajiyar kasuwa, Iya Hakama, wata tsohuwa mai faɗin murya. Ta sa aka wanke mini kunne aka ba ni fura. Na sha, na gaya mata abin da ke tafe da ni, har da rumbu da mari.

"Iya, don girman Allah, mene ne asirinku?"

"Ɗan nan, ba mu da shi. Gobe Kasuwar Ɓarna ke ci. Zo ka zauna ka buɗe kunnen da ya rage maka."

Na ce a raina, to, an fara.

Kashegari na ga kasuwar da ban taɓa ganin irinta ba. Babu mai saye, babu mai sayarwa. Daga garuruwa bakwai kowa ya kawo abin da ya lalace a hannunsa. Wannan ya shimfiɗa irin da ya ƙi tsirowa, wancan tukunyar da ta fashe a wuta, wata zanen da rininsa ya zuba. Kowa zai miƙe ya faɗi yadda ya yi har abin ya ɓaci, jama'a su yi ta jefa masa tambaya da shawara, manomi ya gyara wa maƙeri, masaƙi ya gyara wa mai jirgi. Su ma ba su rasa zafin hannu ba. A gabana aka kawo wani da ya ɓoye cewa irinsa na da cuta har ta bazu gonaki biyar. Ba don cutar aka kama shi ba, don ɓoyewar. Aka ɗora masa ƙarfe mai zafi a bayan hannu, yana ihu, Iya Hakama ko gezau.

A tsakiyar kasuwar akwai dakali. A kansa an ɗora wata garmar shanu mai baki uku, an yafa mata jan ƙyalle, ga mutum tsaye yana gadinta, jama'a kuma sun fi yawa a nan. Da gani ka san kunya uku za ta tayar a tafiya ɗaya.

"Iya, waccan fa?"

"Ɓarnar da ta fi kowace girma a bana. Ita ake yafa wa jan ƙyalle. Mai gadin kuma don kada wani ya ɗauka ya yi aiki da ita ya ji ciwo. Ka zauna da mu wata biyu, ka ga yadda za a shawo kanta."

Na sunkuyar da kai kamar na yarda. A garinmu jan ƙyalle ba ya hawa sai kan abin daraja, kuma ban taɓa ganin inda aka sa wa shara mai gadi ba. Na ce tsohuwar nan ta fi na Birnin Ƙulle wayo, su ɓoyewa suke yi a ɗaka, ita a tsakiyar kasuwa. Wata biyu kuma ba ni da su. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da rana ta take, kasuwa ta watse zuwa inuwa, na lallaɓo ta bayan dakali na sauke wa mai gadi dutse a ƙeya. Ya kife, ban tsaya duba ko yana numfashi ba. Na ɗora garma a kan wani raƙumi da ke ɗaure, na kama gajeriyar hanyar fatake zuwa gabas.

A hantsin kwana na biyu na ji sukuwa a bayana. Mutum ɗaya ne a kan doki, yana ɗaga hannu yana ihu, "Baƙo, tsaya! Tsaya ka ji!" Na laɓe bayan wani dutse a bakin kwazazzabo, na ɗana kibiya. Da ya kawo kusa na saki. Ta shige shi a ƙahon zuci, ya sulalo daga kan doki.

Na matso da wuƙa a hannu. Babu takobi a jikinsa, babu mashi. A jakarsa masaɓa ce kawai da awartaki.

"Haba baƙo," ya ce, yana haki, "me ya yi zafi? Ba garmar na biyo ba, ka riƙe ta. Ni ne Tunau, ni na ƙera ta. A wurinmu ba a barin ɓarna ta yi tafiya babu bayaninta, abin kunya ne a kaina. Matso. A wuya take karyewa. Jiya na gano dalili. Bakin tsakiya ne ke riga 'yan'uwansa shiga ƙasa, shi kaɗai ke ɗaukar nauyin duka. Maganinsa, sai ka..."

Jini ya cika masa baki. Na girgiza shi, na roƙe shi, na kira shi da sunan da yanzu ya gaya mini. Ya tafi.

Na haƙa rami da wuƙa na rufe shi. A lokacin na san gaskiya, ba zan yi muku ƙarya ba. Na san Iya Hakama ba ta yaudare ni ba, na san abin da na ɗauko. Da na juya na koma, ko da za su ƙona mini hannu biyu, da wani a cikinsu ya ƙarasa mini maganar. Amma na dubi gabas na ga gajimare ya fara haɗuwa, na kuma ji tsoron idon mutanen da na yi wa haka. Sai na ce wa kaina wataƙila ƙasarmu ba za ta karya ta ba. Ƙasar Tudun Tsakuwa fa! Da na sani ƙeya ce.

Na shiga garinmu ruwan shuka na zuba a kaina. Kashegari da safe gari duka ya taru a gonarmu. Aka kafa wa Baushe rumfa. Aka fito da Anaruwa daga rumbu, ya rame ya zama kamar kara, gashi ya rufe masa fuska, yana kare ido daga haske. Da ya gan ni bai yi murna ba. Ya ce, "Ban ce kada ka dawo ba?"

Aka ɗaura wa shanu biyu garma, na kama, na yi bisimilla. Tafiya ta farko kunya uku suka tashi reras, mata suka rangaɗa guɗa. Ta biyu ma haka, har Baushe ya miƙe tsaye. A ta uku bakin tsakiya ya ci karo da tsakuwa. Na ji ƙas! Wuyan ya rabu biyu, guntun ƙarfe ya tashi ya tsaga cinyar sa ɗaya, shanu suka yi daji da sauran.

Baushe ya koma ya zauna. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Hauni."

Aka durƙusar da Anaruwa a kan kunyar da na tayar. Na yi kururuwa na ce a ɗauki nawa kan, dogarai suka danne ni da gindin mashi har haƙorina ya fita. Shi kuwa ko kallon hauni bai yi ba. Idonsa na kan karyayyiyar garmar da ke yashe kusa da gwiwarsa, yana karkata kai yana dubanta irin duban da yake yi wa sabuwar gona.

"Cindo," ya ce, "wanda ya ƙera wannan gwani ne, kuskurensa kaɗan ne. Bakin tsakiyar nan, ja shi baya da taƙi ɗaya. Sa'an nan maimakon ƙusa, ka..."

"Surutu ya isa," in ji Baushe.

"Ku bar shi ya ƙarasa!" na ce. "Ranka ya daɗe, kalma ɗaya ta rage!"

Takobi ya sauka.

Ni ba a kashe ni ba. Baushe ya sa aka ɗauko rawanin, da jininsa da komai, aka naɗa mini. Ya ce, "Kai ne na biyar. Kaka na jiranka."

Ranar kasuwa na kwashi guntayen garma na zube su a tsakar kasuwarmu, na yafa musu jan ƙyallen. Na miƙe na faɗi komai, da mai gadi, da Tunau, da ƙaryar da na yi wa kaina. Na maimaita abin da maƙerin ya faɗa kafin jini ya tare shi, da abin da wana ya faɗa kafin takobi ya tare shi. Na ce, "Jama'a, saura kalma ɗaya. Wa ya san ta?"

Babu wanda ya motsa. A garin da magana ke cin kai, wa zai fara? Na tsaya a rana har inuwata ta koma gabas. Can sai tsohon maƙerinmu, Barmo, ya ratso yana dogara sanda. Ya tsuguna ya juya guntayen, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kiri. Maimakon ƙusa, a ɗaure da kiri, igiyar ɗanyar fata. In ta ci karo da dutse sai ta ba da kai ta dawo, ba ta karye ba. Shekara ashirin ina yi wa gatarina haka."

"Baba, me ya hana ka faɗa ran nan?"

Ya dube ni. "Wa ya tambaye ni?"

Kwana huɗu muka yi a maƙera. Wani baduku ya gyara mana ɗaurin, matar Anaruwa ta ce a rage faɗin bakin saboda tsakuwa, aka rage. Garma ta shiga gona ba ta ƙara karyewa ba. A kakar nan gonar dami talatin ta ba da tamanin. Baushe ya zagaya rumbuna yana shafa ciki, ya ce wa jama'a, "Kun gani? Da na san a kai na huɗu abin yake, da tun shekarar farko na sare huɗun a rana ɗaya."

Na so in soke shi a wurin, Allah ya sani. Amma na riga na ga abin da kisa ke haifarwa a gona. Sai na ajiye masa rawaninsa, na bi garuruwan maƙwabta har da na abokan gabarsa, ina koya wa duk wanda ya tsaya yadda ake ƙera ta da inda take karyewa.

Kafin in fita gari na biya ta gefen gonarmu, inda muka rufe Anaruwa. Na durƙusa na dafa ƙasar.

"Yaya," na ce, "kiri ne. Ja shi baya da taƙi ɗaya, maimakon ƙusa ka ɗaure da kiri. Haka za ka ce, ko?"

Na jira, na daɗe ina jira, kamar yadda ya kamata in yi tun a bakin kwazazzabo.

Nan hikayata ta tsaya. Allah ya jiƙan Korau, ya jiƙan Tunau, ya jiƙan Anaruwa ɗan Maiwake, ni kuma ya yafe mini in da sauran wurin yafiya.